Akori-kurar da muka tasa daga gindin tsamiya



Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratse ya shiga ƙauyukan Minjibir da Makoɗa, ya san irin motocin da zan yi magana a kansu. Suna nan a ƙofar gidaje, an ɗora su kan bulo ko duwatsu, tayoyi sun ruɓe, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, awaki na shan inuwa a bodi. In ka tambayi maigidan, ba zai taɓa ce maka ta mutu ba. Cewa zai yi, "An ajiye ta ne, ana jiran kuɗin gyara." Wata ta shekara goma tana wannan jira, wata ashirin, har mai ita ya riga ta tafiya, magada su kira 'yan gwangwan su sare ta da wuta su ɗora a sikeli.

Tamu Peugeot 404 ce, akori-kura, wadda kowa a garinmu ke kira Fijon Alhaji. Shekara 11 ta yi a gindin tsamiyar ƙofar gida, tun lokacin da ciwon ƙafa ya hana mahaifinmu tuƙi har Allah Ya karɓi ransa, Allah Ya jiƙansa. Kafin in faɗi yadda muka tashe ta, bari in faɗi abin da ya sa, don wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka son tsohon abu ne kawai ko ƙulafucin uba.

A ɓangarenmu ƙasa ba ta hutu. Babu dajin da za a ce an bar gona ta huta shekara uku a je a sari wata. Gona na manne da gona, iyakarsu layin gamba ne ko na lalle, bishiyoyin da ke ciki kuwa, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowacce da mai ita. Gonar da kakana ya noma ita muke nomawa duk shekara, gero da dawa, a ratsa wake ko gyaɗa, kuma jigawa ce, ba ta riƙe abinci. Abin da ya hana ta mutuwa ɗaruruwan shekaru shi ne taki. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a gida, a tara kashinsu da toka da sharar tsakar gida, da rani a kwashe a kai gona a zube tsibi-tsibi, a jira ruwa. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, tun a shekarun 1960 ya yi rubutu kan wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki. Shi abin nazari ne a wurinsa, mu kuwa labarin kakanninmu ne, jaki ba ya tafiya ko dawowa da mangala wayam.

To yanzu ina jakunan? Sun yi ƙaranci sun yi tsada, tun da aka fara kwasarsu a tirela ana kai su kudu ana yankawa, fatar kuma ana fita da ita Sin. Abin ya kai har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jaki don fatarsa a watan Fabrairun 2024. Amalanken shanu yana aiki, amma iyakarsa gida da gona, ba zai je kasuwar shanu ko gonar kaji ya ɗauko maka taki ya dawo a yini ɗaya ba. Takin zamani kuma tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 ya fi ƙarfin mai gona biyu irina. Takin gidanmu ba ya isar rabin gonakin. Duk shekara ina kallon zangarniyar gero tana ƙanƙancewa, ga kuma mota a ƙofar gida kaji na kwana a ciki.

Da aka zo rabon gado bayan kakar 2022, motar ce ta fi komai jan magana, duk da ita ce mafi ƙarancin daraja a takarda. Wani ɗan gwangwan ya riga ya zo ya zagaya ta ya yi tayi. Yayanmu, wanda nauyin gida ya koma kansa, ya ce a sallama.

"Yaya, a bar mini ita a kason nawa," na ce, "in biya kowa haƙƙinsa."

"Da wane kuɗin? Albashin naka na firamare? Kai fa ko keke ba ka taɓa kwancewa ba. Wannan ramin kuɗi ne, ka zuba ka zuba, ƙarshe ɗan gwangwan ɗin nan dai za ka kira, ya rage maka farashi."

Maganarsa ba ta banza ba ce. A garinmu akwai gidaje biyu da gyaran tsohuwar mota ya cinye musu shanun noma. Daga ƙarshe malamin da ya raba gadon ya sa aka yi mata kuɗi daidai da tayin ɗan gwangwan. 'Yan uwana mata suka ce su a ba su nasu a hannu, na sayar da raguna biyu na sallame su. Yaya kuwa ya ce shi ba ya son kuɗi, in motar ta tashi in kai masa taki gonakinsa kyauta rani uku, in ba ta tashi ba kafin ruwan farko, a sayar a ba shi nasa. Aka rubuta aka sa hannu. Watanni shida ke nan a gabana.

Mutumin farko da na ɗauko shi ne Kawu, ƙanin Inna, tsohon direba wanda ya shekara da shekaru yana bin Kano, Daura, Damagaram. Bai ko buɗe bonet ba. Tabarma ya sa aka shimfiɗa masa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin motar da ƙaramar guduma, ya dinga ƙwanƙwasa shasi tun daga gaba har baya yana saurare, kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Ya fi rabin awa. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ɗan nan, inji ana sayensa, giya ana sayenta. Shasi ne in ya ruɓe ba ka da mota. Wannan ƙashinta lafiya lau." Bushewar ƙasarmu ce ta cece ta. Motar da za ta narke da tsatsa a Legas ko Fatakwal cikin 'yan shekaru, a nan sai dai rana ta cinye fenti da roba. Inda tsatsa ta ci sosai wuri ɗaya ne, daɓen bodi, inda awaki suka shekara 11 suna fitsari.

Kawu ne kuma ya kafa mana dokar da muka bi har ƙarshe. Ya ce duk abin da za a ɗaura wa motar nan, a tambayi kai, in ya lalace a tsakiyar gona da azahar, babu sabis a waya, za a iya gyara shi da sifana da sukudireba da filaya? In za a iya, a ɗaura. In sai an kira mai kwamfuta daga birni, a bar shi a kasuwa.

Injin ya kafe, ko motsi ba ya yi. Bakaniken garinmu, wani matashi da ya koyi aiki a birni ya dawo gida, ya cire fulogi huɗun ya ɗura kalanzir da baƙin mai a ramukan, ya ce a bar shi mako guda. Kullum da yamma in na dawo daga makaranta sai in sa sifana a babban notin gaba in gwada, a hankali, gaba da baya. Ran kwana tara ya motsa kamar faɗin yatsa. Daga nan muka aro sarƙar ɗaga inji, muka rataya a reshen tsamiyar da ta yi mata inuwa shekarun nan, muka zaro shi.

A nan na fara ganin dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ba sa gajiya da yabon Fijo. Injin 404 silinda huɗu ne, lita 1.6, a kishingiɗe yake gefe guda, kuma ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba. Silif ne, kamar gwangwani, ana zare shi a zura sabo. Wato in inji ya gaji, ba sai an ɗauki gangar jikinsa an kai inda za a fafe ba, a sayi silif da fistin da ringi a haɗa a gida. Abu biyu kawai muka kai birni, kiranshaf da aka goge aka daidaita da sabon metal, da tof silinda, wanda na alminiyon ne, zafi na lanƙwasa shi, aka share fuskarsa aka gyara bawul.

Wannan sauƙi ne ya sa motar ta zama ta ƙasar nan. Faransa ta fara ƙera 404 a 1960, a 1975 kuma kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Zamanin ne gwamnati ta kafa masana'antun haɗa motoci a ko'ina, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Mercedes a Inugu, manyan motocin Fiat a nan Kano. Bayan karyewar naira a 1986 sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika gari, masana'antun suka dinga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage daga wancan zamani, ban da gine-gine, shi ne dubban kanikawa da suka san Fijo kamar yunwar cikinsu, da tarin kayanta a kasuwa. A kan wannan ragowar muka jingina.

Kasuwar kuwa Ƙofar Ruwa ce. Wanda bai taɓa shiga layin 'yan Fijo ba, to ya je da wanda ya sani. Duk abin da ka nema za a ajiye maka iri uku, na asali da aka ciro daga wata mota, sabo na kwali mai kyau, da sabo na kwali wanda kwalin ya fi abin ciki daraja. Kawu ba ya duba kwali. Auna abu yake a tafin hannu, ya shinshina roba, ya lanƙwasa ta ya ga ko za ta tsage. Ya ce a ƙarfe tsohon na asali ya fi sabo, a roba da gasket kuwa ko na asali ne in ya tsufa a bar shi. Sai kuma aka yi rashin sa'a sayayyarmu ta faɗo a tsakiyar canjin kuɗi, watan Janairu da Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. Akwai ranar da muka wuni a bakin shagon wani dattijo muna jiran turen kuɗi ya shiga wayarsa. Da la'asar ta yi ya ɗauko silif ɗin ya miƙa wa Kawu ya ce, "Alhaji, ku tafi da shi, in ya shigo ya shigo. Wanda ke tashin 404 a wannan zamani ba ɓarawo ba ne." Kuɗin bai shiga ba sai washegari.

Haɗa injin a zaure muka yi, ƙofa a rufe, saboda hunturu ne, ƙurar da ke sauka a awa ɗaya ta isa ta kashe sabon metal. Inna ta ba mu tsofaffin langa da kwanonin sha, kowane rukunin noti da nasa kwanon da murfi. Ni aikina wanki da kalanzir da miƙa sifana da rubutu, duk abin da aka kwance sai na zana shi a littafin darasi na rubuta inda ya fito. Bakaniken yana mini dariya, daga baya shi ne ke cewa, "Malam, duba littafin nan, wannan wosha ta ciki ce ko ta waje?"

Aka yi ta ba ni shawarar in yar da injin gaba ɗaya in ɗaura na Jafan mai shan gas, wai ya fi ƙarfi ya fi tsimi. Na yi lissafi. Man gas ya riga ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, sannan sai an yanka mazaunin inji an yi walda, an nemi giyar da za ta dace, in famfon mai ya lalace kuma sai birni. Wasu suka ce injin 504, wanda shi kam yana zama ba wahala, mutane da yawa sun yi. Wannan ban ƙi shi ba, na dai bar shi sai ranar da wannan ya ƙare. Kafireto muka wanke muka sa masa sabbin robobi. Kontak muka bari yadda yake, tunda in ya ƙone ana goge shi da 'yar takarda mai yashi a gefen hanya a ci gaba da tafiya. Matatar iskar ma ta asali muka bari, irin mai ɗan baƙin mai a ƙasa da ke kama ƙura, a zubar a wanke a sake zubawa, babu abin saye.

Inda na kashe kuɗi ba tare da ciniki ba shi ne birki. Duk bututun man birki, na ƙarfe da na roba, sabo aka sa, haka robobin masta da na ƙafafu huɗu, aka sake fatun birki. A irin wannan tsohon tsari, in bututu ɗaya ya fashe, ƙafarka za ta tafi har ƙasa ba abin da zai kama. Hanyoyinmu kuma ba na mota kaɗai ba ne, yara 'yan makaranta ne, da tumaki, da tsofaffi a kan keke. Yaya da ya ga kuɗin birki ya kusa na inji ya girgiza kai, amma bai ce komai ba. Tayoyi na hannu na saya, don sababbi huɗu sun fi ƙarfina, sai dai Kawu ya koya mini karanta lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Da yawa za ka ga zanensu raɗau, ka duba lamba ka ga sun girmi ɗalibaina.

Sauran ƙarin da muka yi mata kaɗan ne. An wanke lagireto an toshe inda yake yoyo, aka ƙara masa fankar lantarki da aka ciro daga wata motar Jafan, saboda tafiyar gona a giya ɗaya ce cikin yashi, iska ba ta bugun gaba, a watan Afrilu kuwa inji tafasa yake. Mai wayarin ya zare duk tsofaffin wayoyin da ɓeraye suka ci ya ja sababbi, ya sa altaneta mai ƙarfi, da fitilu masu haske marasa cin batir, da wurin cajin waya. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge yaran gari.

Sai maganar sifirin, wadda a kanta muka yi musu da mai walda. Shi so yake ya ƙara ganye uku a kowane gefe, kamar yadda 'yan lodin kasuwa ke yi, ta ɗauki buhu ashirin da biyar. Motar nan an yi ta ne don kimanin tan ɗaya, wato buhun hatsi goma. Ƙarin sifirin yana hana bodi zama a kan taya, amma ba ya ƙara wa aksul ƙarfi, ba ya ƙara wa birki. Motocin da kuke gani a gefen titi ranar kasuwa, taya ɗaya ta fice da sandarta, yawanci abin da ya same su ke nan. Ganye ɗaya muka ƙara. Abin da nake buƙata ma ba nauyi ba ne, wuri ne, don busasshen taki da harawa da kara ba su da nauyin hatsi, cika ido gare su. Saboda haka bangon bodin muka ɗaga da ƙarfen kwana da katako, har ya wuce rufin direba kaɗan, aka yi shi yadda za a zare in za a ɗauki buhuna. Daɓen da fitsarin awaki ya cinye aka yanke aka sa sabon faranti, aka shafe shi da kwalta, aka shimfiɗa katako a kai, tunda taki ma cin ƙarfe yake. Duk ranar da ta yi jigilar taki sai an share an wanke kafin ta kwana.

Ranar da za a tashe ta ban gaya wa kowa ba, amma kafin mu ɗaura batir ƙofar gida ta cika. Aka ɗiga fetur a kafireto, aka murza, ta yi tari ta yi shiru. Aka sake, haka. Bakanike ya ɗan juya distiribito, Kawu ya shiga ya zauna ya ce samari su tura. Ba su yi taku ashirin ba ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Inna tana bakin zaure. Da ƙarar ta daidaita sai ta juya ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai magariba. Daga baya ƙanwata ta ce mini, shekara ashirin da wani abu da wannan ƙarar Inna ke sanin maigida ya dawo, tun motar na bayan makarantar allo take ɗora ruwan wanka.

Fenti shi ne na ƙarshe, kuma da buroshi muka shafa, shuɗi, don na feshi kuɗin taya ɗaya ne. A murfin baya akwai rubutun da Baba ya sa tun da can, ya koɗe amma ana karantawa: Sannu ba ta hana zuwa. Yaran gida suka so a sa wani abu na zamani. Na sa mai rubutu ya bi kan tsohon layin kawai. Takardunta na asali suna cikin adakar Baba a naɗe cikin leda, da su aka sabunta lasin da inshora. A tsakiyar Afrilun 2023 ta yi lodin farko, daga turken gidanmu zuwa gonar Yaya ta gabas, sawu huɗu a yini ɗaya, aikin da amalanke ke yi a kwana uku. Yaya ya zo ya tsaya a bakin gona yana kallon tsibin taki, ya ce, "To, saura rani biyu."

Bayan mako shida, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a gidan mai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk lissafin da na yi a littafin darasi a kan tsohon farashi na yi shi. Fijo kuma ba kurkura ba ce, tana shan mai, musamman cikin yashi. Makonni biyu tana tsaye a gindin tsamiya, daidai inda muka ɗauke ta, masu wucewa na tambaya ko ta sake lalacewa ne.

Mafitar da muka samu tsohuwa ce, ta masu jakuna. Motar ba ta fita sai da kaya, ba ta dawowa sai da kaya. Da kaka ta kai wake da riɗi da gyaɗa Dawanau, ta biyo ta gonakin kaji na bayan gari ta ɗauko kashin kaji. Ranar Lahadi ta kai harawa da awaki kasuwar Ɗambatta, ta dawo da kashin shanu. Na daina karɓar aikin mutum ɗaya, sai an haɗu uku ko huɗu an raba kuɗin mai. Wanda ba shi da kuɗi da rani, in kai masa taki in rubuta, ya biya da kwanon gero da kaka, kuma har yau mutum ɗaya ne kawai ya gagara biya, shi ma gobara ce ta cinye masa rumbu. Takin bolar birni na daina ɗauka bayan sawu biyu, don rabinsa leda ce da fasassun kwalabe da batura, ka zuba a gona ka shekara kana tsinta.

Ana ta ce mini in mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda gwamnati na ta kiran a koma can. Injin kafireto irin nata ba ya wuyar juyawa. Amma tulun zai cinye mini gaban bodi, wurin cikawa kuma sai birni, bututun da aka fara ja daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano tun 2020 shi kowa ke jira. In iskar ta zo kusa da mu, a sake magana. A dokar Kawu dai har yanzu ba ta ci jarrabawa ba.

Ban ce motar ta mayar da ni mai kuɗi ba. In aka cire mai da baƙin mai da faci da ladan yaron da ke tuƙa ta ranakun da nake aji, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Ribar a gona take. Gonar yamma, wadda ta fi nisa da gida, shekaru ba ta ga taki ba saboda ba mai iya kai mata, yanzu rani uku a jere tana samu, ƙasar ta fara yin duhu tana riƙe laima, dawar da aka daina shukawa a can an koma shukawa. Maƙwabtan gonar su ma sun shiga layi.

Yaya ya karɓi raninsa uku cif, aka yaga takarda a gaban malamin da ya rubuta ta. Babban ɗansa ne ma yanzu yaron motar, shi ke duba ruwa da baƙin mai kowace safiya, ya iya gyara kontak, ya iya fitar da iska daga birki. Abin da ya rage mana giya ce. Lamba uku tana fita da kanta in an shiga gargada, sai direba ya riƙe sandar da hannu ɗaya, sitiyari da ɗaya. Dattijon nan na Ƙofar Ruwa ya aiko cewa ya samo mana wata da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, ya ajiye ta a bayan shago. Na ce masa ya ƙara haƙuri sai an sayar da wake.